Ƙarfe nawa aka ɗebi jinin?

Duk wanda zai haɗa binciken barci da awon jini, ya ware gurbi guda a takardar bayanansa don rubuta lokacin da allura ta shiga jijiya, awa da minti, tun kafin ya sayi kwalba ko ɗaya. Takardar da muka yi aiki da ita ba ta da wannan gurbi. Mun gaje ta ne daga wani bincike da aka yi kafin namu. Akwai shekaru a cikinta, da nauyi, da tsawo, da shan taba, da magunguna, har da kaurin wuya, amma babu lokaci. Wannan rashin ya cinye mana fiye da rabin wahalar da muka sha, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Tambayarmu ba sabuwa ba ce. Masu ciwon suga nau'i na biyu da yawa suna fama da ɗaukewar numfashi cikin barci, inda maƙogwaro ke rufewa na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta faɗi, mutum ya zabura ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi haka sau 30 ko fiye a awa guda. Tun 1997 Alexandros Vgontzas da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa sinadaran kumburi, IL-6 da TNF-alfa, sun fi yawa a jinin irin waɗannan mutane. Mu kuma muna so mu ga ko haka abin yake a cikin masu suga, waɗanda dama jikinsu na ɗauke da kumburi, kuma ko hakan na tafiya da alamomin haɗarin zuciya. Muka zaɓi CRP, furotin da ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi, a awonsa mai gano ƙanƙanin adadi, da IL-6, da PAI-1 mai hana narkewar gudan jini, da kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan yana cikin matsi, da insulin.

Masu ɗaukewar numfashi suna kwana a ɗakin gwajin barci. Da daddare a sa musu kanula a hannu, wato siririyar robar da ake bari a jijiya, a ɗebi jini na farko, a bar ta har gari ya waye don kada a soke su sau biyu. Suna buɗe ido wajen ƙarfe shida sai a ja na biyu ta cikinta. Rukunin kwatance kuwa, wato waɗanda awon gida ya nuna numfashinsu lafiya, ba mu da gadon da za mu kwantar da su. Sai aka ce su zo asibitin masu suga ba su karya ba, a ɗebi nasu da sabuwar allura idan layi ya zo kansu. Wani layi ya zo kansa da hantsi, wani sai bayan azahar. A lokacin babu wanda ya ga aibu a wannan, tausayi ne ma da neman sauƙi suka kawo shi.

Da sakamako ya fito, murna kamar me. IL-6 ya yi sama sosai a masu ɗaukewar numfashi, PAI-1 haka, kotisol haka. CRP ne kaɗai ya ƙi ba mu haɗin kai: akwai bambanci, amma ɗan kaɗan. Na zauna na rubuta sakin layi biyu cur ina kare shi, wai CRP mai nauyin jiki ne, bai kai IL-6 saurin jin abin da ke faruwa ba. Muka kai wa masaniyar ƙididdigar da ke taimaka mana don ta sa albarka. Ta daɗe tana duban jadawalin, sannan ta ɗago ta ce, "Likita, ƙarfe nawa aka ɗebi jinin nan?" Na ce da safe. Ta ce, "Safiyar wa?"

Ita ba ta taɓa riƙe allura ba. Abin da ta lura da shi shi ne duk sinadaran da suka ba mu sakamako mai kyau masu bin agogo ne, wanda ya ƙi kuma shi ne wanda agogo bai dame shi ba. Kotisol yakan kai ƙololuwa cikin rabin awa zuwa minti 45 bayan farkawa, daga nan ya yi ta sauka har dare. PAI-1 da sassafe yake kan ganiyarsa, zuwa la'asar ya faɗi warwas, kuma ana danganta wannan da abin da James Muller ya nuna tun 1985, cewa bugun zuciya ya fi afkuwa tsakanin ƙarfe shida na safe da tsakar rana. To mu mun ɗebi jinin rukuni ɗaya a kan tudu, na ɗayan a gangare, muka ce cuta ce ta raba su. CRP kuwa hanta ce ke yin sa bisa umarnin IL-6, kuma sai bayan kamar awa 19 rabinsa ke barin jini, don haka na asuba da na azahar kusan duk ɗaya ne. Ashe wanda na tsaya ina ba wa uzuri shi kaɗai ne ke faɗin gaskiya.

Lamarin IL-6 ya fi ƙona mini rai, domin nasa laifin biyu ne. Yana hawa da sauka da lokaci, wannan ɗaya. Na biyu kuma kanular. Roba da ta kwana a jijiya tana tsokanar naman da ke kewaye da ita, wurin ya riƙa fitar da IL-6 nasa na kansa, sai jinin da aka ja ta nan ya nuna adadi mai yawa alhali na ɗaya hannun bai motsa haka ba. Monika Haack da abokan aikinta sun wallafa wannan tun 2002, suka gwada jinin kanula da na sabuwar allura a ɗaya hannun. Ba ɓoyayyen sani ba ne, yana nan a rubuce shekara da shekaru. Mu ne muka kwana muna noma kumburi a hannun mutane, da safe muka girbe shi muka sa masa sunan ɗaukewar numfashi.

Insulin ma bai tsira ba. Mai ciwon suga da aka ce kada ya ci komai, aka bar shi a layi har rana ta take, kana tsammanin ya jure? Da muka koma muka tambaye su cikin lalama, da yawa suka ce sun ɗan taɓa wani abu da jiri ya fara ɗibarsu, kuma ni ban ga laifinsu ba. Lissafin HOMA-IR, mai nuna yadda jiki ke ƙin jin insulin, wanda ake ninka suga da insulin a raba da 22.5, ba shi da wata ma'ana idan mutum ya ci abinci. Ga kuma kwalaben asibiti da kan zauna a kan tebur suna jiran a tara su kafin a kai injin juya jini. Ƙwayoyin jini na ci gaba da cin sugan da ke cikin kwalba, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa. Na ɗakin barci kuwa nan take ake juya su, domin injin na maƙwabtaka da ɗakin.

Na so in gyara da lissafi. Na ce mu sa lokaci a cikin ƙididdiga mu cire tasirinsa. Masaniyar ƙididdigar ta ce da wane lokacin, wanda ba a rubuta ba? Ta ƙara da cewa ko da an rubuta, babu mutum ɗaya a rukunin kwatance da aka ɗebi jininsa ƙarfe shida, babu ɗaya a ɗaya rukunin da aka ɗebi nasa da azahar, saboda haka lissafi ba shi da inda zai dafa ya bambance cuta da agogo. Farfesan da ke jagorantarmu bai yi faɗa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu wallafa CRP kaɗai?" Ya ce mu fara kiran mutanen su dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka fafe namu.

Wasu sun dawo, wasu sun canza magani a tsakani, wasu an riga an sa musu na'urar CPAP mai hura iska ta hana maƙogwaro rufewa cikin barci, ba su da sauran amfani ga tambayarmu. Wannan karon kowa tsakanin ƙarfe bakwai da takwas, da sabuwar allura, bayan zama na kwatan awa, kuma a tambaye shi ƙarfe nawa ya farka, domin mai aikin dare safiyarsa daban ce. Bambancin kotisol ya ɓace ɗungurungum. Na PAI-1 da IL-6 ya ragu har ya zama abin da sai an sa ido.

Sai kuma teɓa ta zo ta kwashe saura. Wannan na san da shi tun farko, sai dai ban zaci zai yi mana irin wannan cin ba. Kitsen jiki, musamman na ciki, da kansa yake fitar da IL-6 da PAI-1, kuma ƙiba ce babbar mai jawo ɗaukewar numfashi. Da muka sa awon ƙugu a lissafi, ɗan bambancin CRP da na so in wallafa ya narke. Na sami ɗan sanyi da na ga cewa babban binciken barci na Wiskonsin, a Amurka, ya ci karo da irin wannan a rahotonsa na 2007: da aka cire tasirin nauyin jiki, alaƙar CRP da matsalar numfashin barci ba ta tsaya da ƙafarta ba. Shawarata a nan, a auna ƙugu da tef, mutum ɗaya ya riƙa aunawa a wuri ɗaya. Lissafin nauyi da tsawo kaɗai yana ɓoye mai siririn hannu da babban ciki.

Kada wani ya ɗauka ina cewa barci da kumburi ba ruwansu da zuciya. A Jami'ar Shikago, Karine Spiegel da Eve Van Cauter sun taƙaita barcin samari 11 zuwa awa huɗu na dare shida, a 1999 suka nuna yadda jikinsu ya ragu wajen sarrafa suga. Gwajin CANTOS na 2017, mai mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna maganin canakinumab mai toshe IL-1 beta, wani sinadarin kumburi, ya rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 15 cikin ɗari ba tare da ya taɓa kolestarol ba. A 2022 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su. Duk wannan na nan daram. Amma igiyar da ta haɗa ɗaukewar numfashi da bugun zuciya ta hanyar kumburi ba ta kai ƙarfin da muke yi mata kirari a gabatarwar takardunmu ba. Gwajin SAVE na 2016 ya raba mutum 2,717 masu cutar zuciya ko ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa gida biyu, aka ba rabi CPAP, kuma ba a ga raguwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Masu kare na'urar suna cewa ai awa 3.3 kacal mutanen ke sa ta a dare, kuma suna da hujja. Abin nufi, fagen da manyan gwaje-gwaje ke fitowa da irin wannan sakamako ba fage ba ne da ƙaramin bincike zai ga bambanci ƙato ya yi shewa. Da na riƙe wannan a raina, da girman sakamakonmu na farko shi ne zai fara tsorata ni.

A kan CRP akwai wasu ƙananan abubuwa da zagaye na biyu ya koya mini. Ƙa'idar 2003 ta hukumomin lafiyar Amurka ta raba shi uku: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. Ta kuma ce a auna sau biyu da tazarar mako biyu, kuma idan ya haura 10 a nemi wata cutar a sake awo. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Mura, ciwon haƙori, gyambon ƙafa irin na masu suga, kowanne na iya ɗaga shi ninki goma, kuma mutum biyu ko uku irin haka sun isa su karkatar da matsakaicin ƙaramin rukuni. A tambayi mutum a ranar, a duba ƙafarsa. A rubuta wanda ke shan statin, maganin rage kolestarol, domin yana sauke CRP, kuma masu zuwa asibitin suga sun fi samun a rubuta musu shi. Kwalaben rukunan biyu kuma a cakuɗa jerinsu a farantin gwaji ɗaya ranar awo, kada a auna na marasa lafiya yau, na kwatance wata mai zuwa da sabon kwalin sinadari.

Amma duk waɗannan gyararru ne, ana iya cire mutum ko a sake awo daga abin da ke firiza. Lokacin ɗibar jini ne ba ya gyaruwa. Yanzu duk takardar da aka kawo mini in duba, kafin in karanta sakamako sai na nemi inda aka faɗi awar ɗibar jini da yadda aka ɗebe shi, kuma abin mamaki ne yawan waɗanda ke cewa "da safe" su wuce. Nakan mayar da ita da tambayar da aka yi mini.

Abin da muka wallafa daga ƙarshe gajere ne: a cikin masu sugan da muka duba, ƙugu ya fi yawan ɗaukewar numfashi bayyana kumburin da ke jininsu, sai wata 'yar alama da ta rage tsakanin IL-6 da tsawon lokacin da oksijin ke yi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, wadda adadin mutanenmu bai isa ya tabbatar da ita ba. Ita muke bi yanzu. Tsofaffin kwalaben kuwa ba mu zubar ba, CRP ɗinsu na da amfani, kuma wata ɗaliba ta karɓi na kanular tana gwada su da na sabuwar allura daga mutanen da suka dawo, don ta ga iya ƙarin da robar ke yi.