Awa Bakwai a Tsohon Birnin Zanzibar

Kwananmu huɗu da dawowa Zariya daga tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, har yanzu jakata ƙamshin kanumfari take yi. Hajiya ta hana kowa taɓa ledar sai ta gama kasafta tsarabar 'yan'uwanta na Tudun Wada. Ɗanmu ne ya biya mana kuɗin jirgin ruwan yawon buɗe ido, wai tun da na yi ritaya ban san hanyar ko'ina ba sai Kaduna bin kuɗin fansho.

Jirgin bai matso gaɓa ba, ƙananan jirage ne suka yi ta kwasarmu. Muna taka ƙasa samari suka yanyame mu, kowa shi zai nuna mana gari. Mutanen wurin na kiransu "papasi", wato kaska, kuma wanda ya raɗa musu sunan bai yi ƙarya ba. Ɗaya ya manne mana har bakin tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, sannan ya miƙo hannu wai dala goma, kuɗin rakiya. Na ce, "Wa ya aike ka?" Hajiya ta ja mini hannun riga: "Malam, bar shi, ba garinmu ba ne." Dala biyu na ba shi, ko godiya babu.

Da muka kutsa lunguna sai na ji kamar ina Kwarbai, bayan fadar Sarki. Mota ba ta shiga, sai babur ya danno ka manne da bango. Bambancin kawai, nasu benaye ne na dutsen teku, kusan kowace ƙofar gida da dakalinta, suna ce masa "baraza". A kan wani dakalin wani dattijo ya amsa sallamarmu, ya matsa mana, ya sa aka zubo mana gahawa a ɗan mitsitsin kofi. Na ciro kuɗi ya ture hannuna. Ƙofofin nan kuwa sai wanda ya gani: katako mai kauri, an sassaƙa furanni, an jera ƙusoshin tagulla, wasu da aya rubuce a sama. Tun 2000 UNESCO, hukumar kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya, Turawa na biyan kuɗi su zo su ɗauki hoton ƙofa. Mu kuwa zaure mai zayyana muke rushewa mu dasa shagon bulo, ganuwar Zazzau ruwa na ci, masu gini na ɗiba.

A kasuwar Darajani na sha mamaki. Na nuna kanumfari da kirfa, mai shago ya ce "elfu thelathini". Ai kuwa na ji talatin sarai, alif kuma mun san shi. Na ce ashirin, ya yi dariya ya maimaita "ishirini", ya girgiza kai. Ashe arba'in, hamsin, sittin duk kusan bakinmu ɗaya, har Alhamis da sabulu. Babu tafinta muka daidaita a sulai dubu ashirin da biyar na kuɗinsu, ya ƙara wa Hajiya gyaran citta. Ita dai ta ce na yi saurin sallamawa, da a kasuwar Sabon Gari ne da ta fi haka ja.

Mun leƙa cocin da aka gina a filin kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. Akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai; na shiga na fito da sauri, Hajiya ko leƙawa ta ƙi. Gidan Al'ajabi, fadar Sarkin Zanzibar Barghash, ginin 1883, a rufe muka same shi ana gyara.

Masu gasa kifi na fara kafa tebura a lambun Forodhani aka ce lokaci ya yi, haka muka wuce muna haɗiyar yawu. Birnin Mombasa na Kenya ne zangonmu na gaba, amma ƙafata ta kumbura, sai na wuni a cikin jirgi.