Kwamfuta uku, adireshi ɗaya

Jiya wajen ƙarfe tara na dare aka ɗauke wuta a nan Samaru, kafin in tada janareta kwamfutar da nake koya wa yara Linux a kanta har ta mutu. Akwai Ubuntu Server 22.04 (wani nau'in Linux) guda uku a cikinta a VirtualBox, manhajar da ke kunna kwamfutoci da yawa a cikin kwamfuta ɗaya, ɗaya kawai na girka, sauran biyun kwafarta nayi saboda data tayi tsada wallahi.

Da can ɗaya bayan ɗaya nake kunna su, jiya kuwa da wuta ta dawo sai na tashe su gaba ɗaya. In shiga wannan ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga wata kwamfutar) ta yanke, in sake shiga in tsinci kaina cikin fayilolin wani ɗalibin daban. Na buga umarnin ip a mai nuna adireshi a kowacce, ashe rawuta (na'urar da ke raba intanet) ta basu adireshin IP ɗaya tak su ukun.

Farko na zargi MAC, wato lambar katin sadarwar kowace kwamfuta, amma dana duba dukkansu da 08:00:27 suka fara kamar yadda VirtualBox ta saba, ƙarshen kuma kowa da nashi, dama na zaɓi a sake musu sabo lokacin kwafa. Na kashe rawuta na kunna har sau biyu, shiru.

Matsalar tana cikin /etc/machine-id ne, fayil ɗin da ke ɗauke da lambar shaidar kwamfutar. Ita Ubuntu Server in zata nemi adireshi wajen DHCP (tsarin da rawuta ke raba adireshi da shi) ba da MAC take gabatar da kanta ba, wata lamba take haɗawa daga wannan fayil ɗin, shi kuma kwafa baya canza shi, to kaga kamar mutum uku ne suka je banki da katin shaida ɗaya, dole ma'aikaci ya ɗauka mutum ɗaya ne yake ta dawowa.

Abinda nayi a kwafin biyun: sudo truncate -s 0 /etc/machine-id don goge abinda ke cikin fayil ɗin, sannan na sake kunna su, kowacce ta ƙirƙiri sabuwar lamba ta samu adireshinta. Wasu sun fi son sa dhcp-identifier: mac ƙarƙashin enp0s3 (sunan katin sadarwar) a fayil ɗin netplan na saitin sadarwa, shima yana yi, sai dai ni banso ba don lambar machine-id tana nan iri ɗaya, kuma ba DHCP kaɗai ke amfani da ita ba.

Sai sha biyu saura na kwanta. Yau bayan la'asar in yaran sun zo zan sake kwafar ɗaya a gabansu su gani da idonsu.