Yadda na koyi sa wa ciwon zaizayar gwiwa lambar da ta dace da shi

Aikina a sashen adana bayanan marasa lafiya shi ne in karanta abin da likita ya rubuta a fayil, in mayar da shi lamba bisa kundin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, wanda muke kira ICD-10. Cikin cututtukan da suka fi yawan zuwa teburina daga ɗakin likitocin ƙashi akwai amosanin gwiwa irin wanda guringuntsi ke zaizayewa har ƙashi ya soma goga ƙashi. Kundin ya tara wannan ciwo a ƙarƙashin M17, kuma duk da cewa lamba ɗaya ce a ido, rassa bakwai gare ta, kowanne da sharaɗinsa.

Idan ciwon ya zo da kansa, kamar yadda yakan zo da shekaru, kuma ya kama gwiwoyi biyu, M17.0 ke nan, idan kuwa gwiwa ɗaya ce, M17.1. Wanda ya biyo bayan rauni yana da M17.2 ga gwiwoyi biyu da M17.3 ga ɗaya, wanda wata cuta dabam ta haifar kuma yana da M17.4 da M17.5. Na ƙarshe shi ne M17.9, wanda aka tanada domin fayil ɗin da bai faɗi komai ba illa sunan ciwon, kuma nan ne mafi yawan fayilolinmu suke ƙarewa lokacin da na soma aikin. Likita yana da layi har ƙofa, ya rubuta haruffa biyu, OA, wato gajeren sunan ciwon a Turance, ya ƙara kalmar gwiwa, ya wuce ga maganin rage zafi. Ban ga laifinsa ba, domin na san yawan mutanen da yake gani kafin azahar, amma ni ba ni da ikon ƙara abin da bai rubuta ba.

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wahalar riƙewa. Sau da yawa takardar hoton ƙashi tana cikin fayil, ta nuna tazarar gaɓar ta matse a gwiwoyi biyu, da tsiron ƙashi a gefuna, har mai karanta hoton ya sa mataki na 3 a ma'aunin Kellgren da Lawrence, wanda tun 1957 ake auna tsananin ciwon da shi daga 0 zuwa 4. Idona yana ganin amsar, amma hukuncin cuta na likitan da ya duba marar lafiya ne, saboda akwai mutanen da hotonsu ya nuna zaizaya alhali zafin da ya kawo su daga wani wuri yake. Idan kuma abin da aka rubuta ciwon gwiwa ne kawai, ko aka sa alamar tambaya a gaban sunan cutar, to alamar ciwo nake sa wa lamba, wato M25.5, har sai an tabbatar.

Fayil ɗin da ya fi tsaya mini a rai na wani magidanci ne da bai kai shekara arba'in ba, aka rubuta masa zaizayar gwiwa kamar yadda ake rubuta wa tsofaffi. Shekarunsa suka sa na koma shafukan baya, inda na tarar da tsohuwar takardar kwanciya: hatsarin babur, karaya a kan ƙashin ƙwauri daidai inda ya haɗu da gwiwa, an fara kai shi wurin mai ɗori kafin a kawo shi asibiti. Na manna ƙaramar takarda a bangon fayil na rubuta: "Ranka ya daɗe, akwai tsohuwar karaya a wannan gwiwa. Shin zaizayar tana da alaƙa da ita, ko kuwa dabam take?" Na kula ban rubuta amsar da nake zato ba, domin tambayar da ta sa wa likita magana a baki ba ta halatta a wannan aiki. Ya dawo da fayil ɗin da layi ɗaya mai tabbatar da alaƙar, da sa hannu da kwanan wata, lambar ta tashi daga M17.9 ta koma M17.3.

Wani zai ga bambancin ƙarami ne, tunda maganin da mutumin ya karɓa a ranar bai sauya ba. A ganina ba ƙarami ba ne. Daga waɗannan lambobi ake haɗa rahoton wata da na shekara, kuma idan duk gwiwar da babur ya lalata ta shige cikin M17.9, babu mai iya nuna wa hukuma yawan matasan da hatsarin hanya ya bari da ciwon da zai bi su har tsufa. Ga kuma inshorar lafiya: tun da dokar 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, NHIA, a madadin tsohon tsarin NHIS, ta kuma wajabta inshora ga kowa, takardun neman biya suna ƙara nauyi a aikinmu, kuma takardar da ke neman izinin tiyatar sauya gwiwa alhali bayanin cutar bai wuce kalmomi biyu ba tana gayyatar tambaya da jinkiri, marar lafiya kuwa yana gida yana jira.

Abin da ya rage mana wahala shi ne wani ɗan hatimi da muka yi shawara da likitocin aka buga a takardar ganin marar lafiya, mai gurabu na dama, hagu ko duka biyu, da gurbin sanadi, da gurbin yadda ciwon ya taɓa rayuwar mutum. Gurbin ƙarshe ba ya sauya lamba, amma na roƙi a bar shi. Idan aka rubuta cewa Hajiya ta koma sallah a kan kujera, ba ta iya tsuguno, kuma gwiwar takan ƙage da safe na ƙasa da rabin awa sannan ta sake, likitan da zai ɗauki fayil ɗin bayan wata shida ya san inda aka tsaya, kuma gajertar ƙagewar tana taimaka masa ya bambanta ciwon da amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda lambarsa M05 ko M06 ce.

Dama da hagu ba sa fitowa a lambar bugun da muke amfani da shi, saɓanin na Amurka da ya soma aiki a watan Oktoban 2015, inda M17.11 ke nufin gwiwar dama, M17.12 kuma ta hagu. Duk da haka ina dagewa a rubuta su, domin ranar da ɗaya gwiwar ta kamu lambar za ta koma ta gwiwoyi biyu, kuma ranar tiyata babu wanda yake son a dogara da tuni. Bugu na 11 na kundin, wanda ya soma aiki a hukumance a Janairun 2022, ya mayar da ciwon FA01, ya kuma ba da damar ƙara lambar ɓangare a gefe, don haka fayilolin da aka rubuta dama da hagu a cikinsu tun yanzu su ne za a iya juyawa zuwa sabon tsarin ba tare da an sake neman marasa lafiyar ba.