Dukushin da ya ɗauke ni uwarsa

Wajen ƙarfe 2 na dare aka kawo shi a bayan mota, a naɗe cikin tsohon bargo, cibiyarsa ma ba ta gama bushewa ba. Mota ce ta kaɗe uwarsa a hanyar da ta bi gindin tsaunukan Virginia Range, gabas da birnin Reno a jihar Nevada ta Amurka. Waɗanda suka tsince shi sun ce a tsaye suka same shi kusa da gawar, yana ta tura baki ƙarƙashin cikinta. Tsohuwar da ta kafa gidan ceton dawakan, wadda dukanmu muke kira Mama, ta durƙusa ta sa masa yatsa a baki don ta ji ko yana tsotsa, ta ɗaga leɓensa ta duba launin dasashi, sannan ta ɗago ta yi tambaya ɗaya tak: ya sha dakashi kafin uwar ta mutu?

Karatu ne ya kai ni Reno. Na fara zuwa gidan a ƙarshen mako don in taya su kwashe kashi da ɗora ciyawa, kafin daga baya a damƙa mini rumfar 'yan dukusai. Na shiga aikin da tabbacin cewa na san doki, domin a bargar kawuna na tashi. Na san wanke doki da shafa masa geza, na san jiƙa dusa da kanwa, na san ɗaura sirdi ranar hawan sallah. Amma duk dokin da na sani a turke yake, yana da ubangida, an san wanda zai biya kuɗin harawarsa. Dokin da ya tashi a daji bai taɓa jin hannun mutum ba, ban taɓa ganinsa ba sai a can.

Waɗannan dawakai da ake kira mustang jikoki ne na waɗanda Sifaniyawa suka shigo da su nahiyar tun ƙarni na 16, da kuma na makiyaya da suka tsere ko aka sake su daga baya. Akwai lokacin da ake farautarsu da motoci da jirage ana sayar da namansu don abincin karnuka. A 1950 wata mata mai suna Velma Johnston tana hanyar zuwa aiki a Reno ta ga jini yana ɗiga daga wata babbar mota, ta bi ta, ta tarar dawakan daji ne aka cusa za a kai mayanka. Ta shafe shekaru tana fafutuka, har ta sa 'yan makaranta suka dinga aika wasiƙu majalisa. A 1959 aka hana farautarsu da mota ko jirgi a filayen gwamnati, a 1971 kuma Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar da ta ba su kariya. Hukumar kula da filayen tarayya, BLM, ita ke riƙe da yawancinsu. Na Virginia Range dai suna ƙarƙashin ma'aikatar gona ta jihar, kuma da yake gari ya ci har gindin tsaunukan, sukan sauko neman ruwa da ɗanyar ciyawar ƙofar gidaje, a nan motoci ke samunsu.

Tambayar Mama kan dakashi ita ce abin da na fara koya. Ɗan doki yana fitowa duniya kusan babu garkuwar jiki, domin mahaifar goɗiya ba ta bari ƙwayoyin kariya su ratsa zuwa jininsa. Sai ya sha nonon farko, kuma hanjinsa a awannin farko ne yake iya tsotse kariyar. Kafin kwana ɗaya ya cika ƙofar ta rufe, ko an ɗura masa daga baya ya zama abinci kawai. Likitar dabbobi ta zo da asuba ta ɗebi jininsa. Ana son ma'aunin kariyar da ke jinin ya haura 800, ƙasa da 400 kuwa babu kariya ke nan. Nasa yana ƙasa, sai aka ɗaura masa ruwan jinin wani doki ta jijiyar wuya, ni ina riƙe da kansa a cinyata. Muka tsoma cibiyarsa a magani, don ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su sauka a gaɓoɓi, ka wayi gari ka ga gwiwa ta kumbura ya kasa tashi.

Daga nan sai shayarwa. Ɗan dukushi mai uwa yana kama nono sau da yawa a cikin awa guda, kaɗan-kaɗan. Mu abin da muka iya shi ne kowace awa biyu, dare da rana, kuma a yini yana buƙatar madarar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ko fiye. Madarar shanu ta yi masa maiƙo da yawa, sukari kuma ya yi kaɗan, tana sa shi zawo. Ta akuya ya fi jurewa, amma garin da aka haɗa musamman don dawakai muke dama masa. Ba a ba shi yana kwance, ba a ɗaga masa kai sama, in ba haka ba madarar ta bi ta huhu. Mama ta ce da zarar ya kwana uku ya yi ƙarfi in koya masa sha a bokiti, in ajiye bulumboti.

Ban ajiye ba. Ina jin daɗin yadda yake jin takuna ya yi 'yar siririyar haniniyarsa, yadda yake lumshe ido in yana sha, madara tana bin haɓarsa tana jiƙa mini hannun riga. Na shimfiɗa bargona a rumfarsa na dinga kwana tare da shi. In ya gama sha sai in bar shi ya tsotsi yatsuna, ya jingina da ni, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kafaɗata. A lokacin nauyinsa bai kai na buhun masara ba. A zuciyata maraya ne, kuma a gidanmu an hore mu cewa maraya ba a ɗaga masa murya. Mama ta gan mu wata safiya ta ce, "Ɗana, wannan ƙafar da ke kafaɗarka yau, nan da shekara uku kilo 400 ne a bayanta." Na ce mata to, Mama, amma ban daina ba.

Yana da wata huɗu muka ga sakamakon. Wata yarinya 'yar sa-kai ta shiga canja masa ruwa, ya rugo da murna ya miƙe tsaye a kanta kamar yadda ya saba yi mini, kofatonsa ya tsaga mata goshi. Babu mugunta a ciki, wasa yake. Da muka sake shi cikin sauran 'yan dukusai kuma sai ya ƙi su, ya koma bakin shinge yana safa da marwa yana kirana har muryarsa ta dushe. Bai san cewa shi doki ba ne.

Ranar Mama ba ta yi mini faɗa ba, ta zaunar da ni ne ta faɗa mini inda irinsa ke ƙarewa. Dokin daji mai tsoron mutum ana iya horar da shi, don tsoron kan sa ya ba ka fili. Wanda ya raina mutum tun yana ƙarami shi ne mai haɗari, kuma babu mai ɗaukarsa riƙo. In an ɗauka ma, ya ji wa yaron gida ciwo sau ɗaya sai kasuwar gwanjo. Tun 2007 aka rufe mayankan dawakai a Amurka, amma 'yan kasuwa suna saye a gwanjo su loda zuwa Meziko da Kanada. Na kwana ina juya maganar. Ni da nake ganin babu mai ƙaunarsa kamata, ni ne na fara ɗora shi a wannan hanya.

Akwai wata tsohuwar goɗiya a gidan, mai lambar BLM a gefen wuyanta na hagu, irin wadda ake bugawa da ƙarfe mai tsananin sanyi gashin wurin ya fito fari. A daji ta girma, ta haifi 'ya'ya a can kafin jirgi mai saukar ungulu ya koro garkensu cikin tarko. Ba ta da nono, kuma ba nono muke nema a wurinta ba. Muka sa su maƙwabtaka da shinge a tsakani na kwanaki, sannan muka buɗe ƙofa. Ya tunkare ta kai tsaye zai hau ta. Ta kwantar da kunnuwa, ya ƙi ganewa. Ta juya masa baya ta ɗaga ƙafa, ya ƙi ganewa. Sai ta cije shi a wuya, cizo na gaske, ya yi ƙara ya ja da baya. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka shingen, Mama ta riƙe mini riga.

Abin da ya biyo baya ban manta shi ba. Ya tsaya nesa kaɗan yana rawar jiki, sai ya miƙa wuya ƙasa, ya janye leɓɓa, ya fara buɗe baki yana rufewa kamar mai tauna iska. Wannan ita ce alamar da ɗan dukushi ke yi wa babba, ma'anarta ni ƙarami ne, kada a cuce ni. Babu wanda ya koya masa, tana jikinsa tun haihuwa, wata huɗu kawai bai sami wanda zai yi wa ba. Goɗiyar ta dube shi, ta sauke kai ta ci gaba da cin ciyawarta.

Aka cire ni daga shayar da shi. Bokiti ake ratayawa a shinge a tafi, ba magana, ba shafa. Makonnin nan sun yi mini nauyi ƙwarai, ina jin kiransa daga ɗaya rumfar ina danne zuciyata. Sannu a hankali kiran ya ragu. Ya koyi matsawa in ta kwantar da kunne, ya koyi tsayawa kai da gindi da ita suna kore wa juna ƙuda da wutsiya, ya koyi bin ta zuwa kwamin ruwa yana baya.

Daga baya na ga wannan jarrabawar tana dawowa da wasu fuskoki. An taɓa kawo mana wata goɗiya da yunwa ta cinye, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, hannuna har ƙaiƙayi yake in cika mata kwami da hatsi. Yin haka kan kashe su cikin 'yan kwanaki, domin jikin da ya daɗe da yunwa in abinci mai ƙarfi ya shigo masa farat ɗaya, gishirin jini yakan faɗi, zuciya ta tsaya. Tsarin da masu bincike na jami'ar California da ke Davis suka fitar muke bi: kusan rabin kilo na busasshiyar ciyawar alfalfa kowace awa huɗu, har kwana uku, sannan a ƙara a hankali. Tana kallona da ido a zurme bayan ta lashe ɗan abin da na zuba, ni kuma in juya in fita.

Mafi ɗaci shi ne waya. A 2020 hukumar BLM ta ƙiyasta dawakai da jakunan daji kusan 95,000 a filayenta, alhali adadin da ta ce filayen za su ɗauka bai kai 27,000 ba, ga kuma dubbai da ke tsare a garkunan gwamnati. Ana ta jayayya kan waɗannan alƙaluma tsakanin makiyayan shanu da masu kare dawakai, ni dai abin da na gani shi ne kiran masu neman mu karɓi dawakai ba ya ƙarewa, ciyawar hunturu kuwa da kuɗi ake sayenta. Na ji Mama da kunnena tana ce wa mai kira ba mu da wuri, ta ba shi lambar wasu gidajen, ta ajiye wayar ta daɗe ba ta yi magana ba. Da farko na ga rashin tausayi a ciki. Sai da aka kawo mana dawakai daga wani gidan ceto da ya karɓi fiye da ƙarfinsa, a rame, kofatai sun yi tsawo sun lanƙwashe, sannan na daina ganin laifinta.

Yana da shekara biyu aka sake ba ni izinin sa masa ragama. Ya tsaya, ya ba ni kai, da na matsa gare shi ya ja da baya taku ɗaya ya ba ni hanya. Ranar da zan bar Nevada na je bakin shingen da yamma, garken yana can nesa cikin ƙura da hasken faɗuwar rana. Na yi masa fiton da nake yi a daren shayarwa. Ya ɗaga kai, kunnuwa a tsaye, ya dube ni na ɗan lokaci. Tsohuwar goɗiyar ta fara tafiya wajen ruwa, ya sauke kai ya bi ta.