Shafi Ɗaya Tsakanin Likitan Iyali da Sashen Ciwon Daji

A shekarun farko na aikina a matsayin likitan iyali, ranar da na rubuta wa majiyyaci takardar turawa sashen ciwon daji ita ce ranar da labarinsa yake ɓace mini. Sai bayan watanni ya dawo saboda hawan jini ko ciwon suga, ban san abin da ake ba shi a can ba, shi ma ba ya iya kawo sunan magani ko ɗaya. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne wata mata mai ciwon suga da ake yi wa kemo, wato jinya da magungunan kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar mama. Ta zo da ƙishirwa da yawan fitsari, sugan jininta ya yi sama sosai, kuma sai daga baya na gano cewa deksametason da ake ba ta don hana amai ne sanadi. Ƙwararrun sun ɗauka ni nake lura da suganta, ni kuwa ban ma san an ba ta maganin ba.

Na nemi zama da likitocin sashen da ma'aikatan jinyarsu, muka amince da abin da bai wuce shafi ɗaya ba: nau'in cutar da matakinta, magungunan da ranakun bayar da su, illolin da ake tsammani, da lambar wayar da ake ɗagawa dare da rana. A ƙasa kuma muka rubuta ƙarara wane aiki ne nawa, wane ne nasu, domin na lura cewa aikin da aka ce na kowa ne shi ake bari ba a yi ba.

Ranakun kemo su ne suka fi yi mini amfani. Fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cututtuka a jiki, sukan yi ƙasa ainun tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, saboda haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakani ba na a ba da farasitamol a ce a dawo gobe ba ne. Ana so a fara ba majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda. A da ina sane da wannan a karatu, amma da yake ban san ranar da aka sa kemo ba, sanin bai amfane ni da komai ba. Haka ma sabon ciwon baya mai tsanani tare da raunin ƙafafu, wanda yanzu nake kiran waya a kansa nan take don gudun kada cutar ta danne laka.

Inda muka fi jayayya shi ne bibiyar waɗanda suka kammala magani. Wasu ƙwararrun ba su so su saki majiyyatansu ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin su suka sha wahalar jinyar. Abin da ya sassauta ra'ayinsu shi ne wani bincike da aka yi a Kanada kan mata 968 masu sankarar mama, aka wallafa a 2006, wanda ya nuna cewa bibiya a hannun likitan iyali ba ta ƙara munanan matsaloli masu alaƙa da dawowar cutar ba. Muka fara da waɗanda haɗarinsu ƙarami ne. Macen da za ta sha tamoksifen, maganin rage haɗarin dawowar sankarar mama, shekara 5 zuwa 10 tana bukatar wanda zai tambaye ta ko tana sha kuwa, kuma ya ɗauki zubar jini daga mahaifa da muhimmanci, saboda maganin yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Wadda aka ba doksorubisin kuwa, maganin kemo da kan iya illata zuciya, zuciyarta nake sa wa ido har shekaru bayan an gama.

Majiyyatan ma sun ba ni darasi. Wata ta tambaye ni, "Likita, shin sun sallame ni ne don sun cire rai?" Tun daga ranar muka tsara cewa ƙwararren ne da bakinsa zai yi wa majiyyaci bayanin dalilin mayar da shi hannuna, ya kuma tabbatar masa cewa idan na ga abin da ban gamsu da shi ba, zai koma sashen kai tsaye ba tare da sabon layin jira ba. Matsalar da har yanzu nake fama da ita ita ce takardar tana tsufa da zarar an canza magani, shi ya sa yanzu nake duba kwanan watan da ke kanta kafin in karanta abin da ke ciki.