Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Fostar da Na Yi wa Waɗanda Ba Su Iya Karatu Ba

Masu bibiyar wannan labari, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya ne a inda na gama karatu, na yi ta aika takardun neman aiki ana yi mini shiru. Duk tallar aikin zane da na buɗe, sharaɗi ɗaya ne ke tare mini hanya: ana son mai ƙwarewar shekara biyu ko uku, kuma ya turo kundin ayyukan da ya taɓa yi. Ba za a ɗauke ka ba sai ka ƙware, ba za ka ƙware ba sai an ɗauke ka. Wannan abu ya daɗe yana hana ni barci.

Abin da na mallaka a lokacin bai wuce tsohuwar laftof da Yayata ta bar mini ba, sai lokaci mai yawa. Kuɗin manhajojin Adobe da ake biya duk wata ya fi ƙarfina, sai na koma ga na kyauta. Da Inkscape nake zana tambari, domin zanensa na lissafin layuka ne, ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba ya dushewa. GIMP na gyaran hoto. Figma kuwa, manhajar tsara fuskar shafukan intanet da manhajojin waya, wadda aka buɗe wa jama'a a 2016, ba sai an girke ta a kwamfuta ba, a intanet take aiki. Na kuma shiga wani atisaye na kwana 100 mai suna Daily UI, inda ake turo maka aiki ɗaya ta imel: yau shafin rajista, gobe shafin biyan kuɗi da kati, wata rana kalkuleta.

Atisayen nan ya yi mini rana, ba zan raina shi ba. Shi ya koya wa idona ganin tazara tsakanin layuka, ya hana ni cusa salon harafi biyar a shafi ɗaya. Amma babu mai cewa a'a a cikinsa. Ni ke ƙirƙiro kamfanin, ni ke ƙirƙiro buƙatarsa, ni ke yaba wa kaina idan na gama. Koyon iyo ne a kan tabarma: hannu da ƙafa suna motsi daidai, ruwa ne kawai babu.

Ruwan ya zo ta hannun Yayata. Tana da wata aminiya da ke jagorantar ajin koyar da manya karatu da rubutu, ajin 'yan sa-kai ne da ba su da ko sisi na talla. Za su buɗe sabon zango, suna son fosta da ɗan ƙaramin takardar rabawa. Yaya ta ce, "Ke da kike zaune da kwamfuta dare da rana, ga inda za ta yi amfani."

Kafin in taɓa komai, na rubuta wa Malama shugabar ajin saƙo mai sharuɗɗa uku: aikin fosta ɗaya ne da takardar rabawa ɗaya, gyara sau biyu ne, kuma ina da izinin nuna aikin a kundina idan an gama. Ta yi murmushi da muka haɗu, ta ce, "Ƙanwata, aikin kyauta ma sai da yarjejeniya?" Na ce, "Malama, don kada mu ɓata da juna ne." Har yau ina kan wannan ra'ayi. Aikin kyauta da ba a yi masa iyaka ba ba ya ƙarewa, kuma wanda ya yi shi ne yake fita da ɓacin rai. Sannan ba kowa ya cancanci a yi masa kyauta ba. Akwai bambanci mai nisa tsakanin mutanen da ke koyar da dattawa karatu don Allah, da kamfani mai cin riba da zai ce ka yi masa tambari a banza wai sunanka zai fito. Haka gasannin nan na intanet da ake tara masu zane da yawa kan aiki ɗaya, a biya mutum guda, sauran su tashi a tutar babu. Ba za ka gana da mai aikin ba, ba za a gaya maka dalilin da aka ƙi naka ba, to me ka koya?

Malama ta miƙo mini rubutun da take so a sa. Ya cika shafin A4 taf: tarihin ajin, manufofinsa, sunayen shugabanni, godiya ga waɗanda suka taimaka, sai can ƙasa rana da lokaci. Na nemi izinin zama a bayan aji in ga ɗaliban tukuna.

Wannan zaman shi ya juya aikin gaba ɗaya. Ina kallon wata dattijuwa ta riƙe fensir da dukkan yatsunta, tana danna shi har takardar na neman hujewa, tana fitar da harafi ɗaya tana numfashi. Da aka tashi na gaishe ta, na ce, "Iya, ta yaya kika ji labarin wannan aji?" Ta ce, "Jikana ne ya karanta mini, 'yar nan. Ni da na iya karanta takarda ai da ban zo ba." A nan na gane cewa wanda za a yi wa fostar ba zai iya karanta ta ba. Masu kallonta biyu ne. Na farko sai hoton ya tsayar da shi har ya tambayi wani me aka rubuta. Na biyu yaro ne ko maƙwabci da zai karanta da ƙarfi, shi kuma gajerun jimloli yake buƙata, waɗanda za a ji sau ɗaya a riƙe.

Na lura da wani abu kuma. Da yawa daga cikinsu ba su san haruffa ba, amma sun san lambobi sarai, saboda waya da lissafin kuɗi. Sai na gina fostar a kan abin da suka sani. A tsakiya na zana hannun babban mutum, mai jijiyoyi da tamoji, riƙe da fensir. Ban sa fuska ba, domin akwai masu jin kunyar a gan su suna koyon abin da jikokinsu suka iya. Ban sa hannun yaro ba, kada a ɗauka makarantar yara ce. A ƙasa agogo, sai lambar waya da manyan lambobi, sai layi uku na rubutu.

Malama ba ta ji daɗi ba da ta gani. "Ina sunayen shugabanni? Mutanen nan su suke ba mu ɗakin da muke karatu, ƙanwata. In ba su ga sunansu ba, ni za su tambaya." Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar da ba a samunta a atisaye. Muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kan cewa fosta ta masu koyo ce, bayan takardar rabawa kuma na shugabanni da godiya. Kowa ya samu nasa. Ina ganin abin da masu ɗaukar aiki ke nufi da ƙwarewa ke nan: ka iya kare abin da ka zana da hujja, ka kuma san inda za ka sassauta.

Na taɓa karanta cewa Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin shafi. Shi kan shafuka yake magana, ni na ari dabarar. Na buga samfur, na manna a bango, na roƙi ɗalibai biyar su zo ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da suka fahimta. Duk sun gane hannun da fensir. Agogon ne ya tsayar da wani dattijo. Ya ciro wayarsa ya nuna mini, ya ce shi a nan yake duba lokaci, bai saba da mai hannu ba. Na cire agogon na sa 4:00 da manyan lambobi. Wata kuma ta matso har hancinta ya kusa taɓa takardar kafin ta ga lambar wayar, domin launin ya yi haske a kan farin bango. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 a kan 1. Na auna nawa bai kai ba, na mayar da shi shuɗi mai duhu.

Sai maɗaba'a. Dattijon da ke kula da injin ya buɗe fayil ɗin, ya yi shiru, sannan ya ja mini kujera. "Zauna, 'yata. Kwamfuta da haske take yin launi, ja da kore da shuɗi. Mu da tawada huɗu muke yi." Ya miƙo mini ɗan gilashin ƙara girma ya ce in leƙa wata tsohuwar fosta. Abin da nake gani kore ne daga nesa, ashe ƙananan ɗigo ne na rawaya da shuɗi-shuɗi a jere da juna. Ya ce in mayar da aikin tsarin CMYK, wato na tawada huɗun nan, hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci, in kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi kullum. Na ce, "Baba, manhajata ba ta fitar da irin wannan." A daren na gano Scribus, ita ma kyauta ce, kuma tana fitar da PDF na maɗaba'a. Abin da Baba ya koya mini a wannan zama, ban same shi a duk bidiyoyin da na kalla ba.

Bayan an buɗe zango, Malama ta kira ni ta ce sai da suka aro benci.

Na buɗe shafi a Behance, dandalin nuna ayyuka da Adobe ta saya a 2012, wanda ba a biyan kuɗin shiga. Ban ɗora fostar ita kaɗai ba. Na fara da hoton cikakken shafin nan na Malama, bayan na rufe sunayen mutane. Na bi da zanen fensir na farko, da samfurin mai agogo tare da dalilin cire shi, da fostar a manne a bango. Kowane hoto na yi masa bayani na layi biyu ko uku. Ban rubuta adadin sababbin ɗalibai ba tunda ban ƙirga ba, maganar benci kawai na sa yadda aka faɗa mini. Daga tarin ayyukan atisaye na zaɓi 'yan kaɗan, na rubuta a kansu ƙarara cewa atisaye ne, ba wani kamfani ya sa ni ba. Na ga masu ɗora tambarin manyan kamfanoni da suka sake zanawa don kansu, su bar mai kallo ya zaci aikin kwangila ne. Tambaya ɗaya a wurin intabiyu ta isa ta tona wannan.

Ba a daɗe ba saƙo ya shigo daga wata mata da ban sani ba. Tana da ƙaramin asibiti, ta ce ta karanta labarin fostar har ƙarshe, kuma matsalarta ke nan: marasa lafiya na komawa gida da takardar shan magani da ba sa iya karantawa. A ƙarshen saƙon ta rubuta, "Nawa za ki yi mini?" Ban taɓa yi wa aikina kuɗi ba. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge, sannan na ɗauki waya na kira Yaya.

Yadda muka ƙare da mai asibitin, da abin da ya faru ranar da na kai samfurin farko asibitin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.