Haɗe ƙananan hukumomi: abin da na tsinta a Kongon Zariya

A yankunan karkara da dama na Ingila, hukuma hawa biyu ce. Majalisar lardi na riƙe da makarantu, hanyoyi da kula da tsofaffi. Majalisar gunduma kuma na ba da izinin gini da karɓar harajin gidaje. Wani abin dariya, gunduma ce ke kwashe shara, amma lardi ke da alhakin inda za a kai ta. Ranar 1 ga Afrilun 2023 aka soke gundumomi bakwai na Arewacin Yokshaya, aka dunƙule ayyukansu da na lardin a hannun hukuma guda. Denmak ta yi wanda ya fi wannan tun 2007, inda ta rage ƙananan hukumominta zuwa 98.

Wannan darasi na same shi a sashen nazarin ƙananan hukumomi na jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, lokacin da na koma ƙaro karatu ina ma'aikacin ƙaramar hukuma. Hujjar masu haɗewa a fili take: shugabanni su ragu, albashi ya ragu, talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mu kuwa tafiyarmu akasin haka ce. En'e ta Zazzau hukuma ɗaya ce mai baitulmali, 'yan doka, alƙalai da gidan yari, hakimai da dagatai na ƙarƙashinta. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi 301, yau muna da 774, jihar Kaduna na da 23. Garin nan ma an raba shi: Birni da Tudun Wada na ƙaramar hukumar Zariya, Samaru na Sabon Gari. Amma ambaliyar kogin Kubanni ba ta tambayar takardar iyaka.

Abin da aji bai faɗa min ba, ofis ya nuna min. Da damina wani dattijo ya zo da koken kwalbatin unguwarsu da ta toshe, takardar a naɗe cikin leda, da sa hannun mai unguwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, can sun ce nan ne." Na duba, na ce, "Baba, titin nan na jiha ne." Gaskiya na faɗa masa, waɗanda suka turo shi ma ba ƙarya suka yi ba, don magudanar ruwa tamu ce. Ya mayar da takardarsa aljihu, ya yi godiya, ya fita. Godiyar ce ta fi damuna.

Daga nan na gane mu ma ai mun daɗe da yin tamu haɗewar, sai dai rabi muka yi. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗi sun taru a hannu ɗaya, alhaki kuwa an bar shi a warwatse. Turawan can da suka haɗe, kuɗi da alhaki suka haɗa tare, wanda ya riƙe jaka shi ake zagi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Madalla, amma hukuncin bai raba gardamar kwalbati da titi ba.

Ba na cikin masu cewa a dunƙule komai. Hukuma in ta yi girma nisa take yi, kuma matar Dutsen Abba da ke neman takardar shaidar asali ga ɗanta kuɗin acaba take lissafi, ba tsimin gwamnati ba. Shara da magudanan ruwa na Zariya da Sabon Gari, da za a ba hannu ɗaya da na fi kowa murna. Ofishin takardu da asibitin sha-ka-tafi kuwa a bar su inda ƙafa za ta iya kaiwa.